Lambar da na zaɓa wa injin ta kori Baba Issaka daga aiki

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ku sakaya sunana, kuma don Allah kar ku zage ni, na gaji da zagin kaina.

Ni ɗan unguwar Nima ne, ina aiki a wani kamfani da ya kawo babban injin lissafi, kwamfuta, wanda muke ba umarni da kati mai huji. Da aka bar fam da sule aka koma sabon kuɗi, sidi da pesewa (pesewa ɗari ke yin sidi ɗaya), ni aka sa in rubuta masa yadda zai fitar da albashin lebura. Shugaban sashenmu ya ce min, "Ka mayar da komai pesewa, cikakkiyar lamba. Lamba mai ɗigo kintace kawai injin yake yi mata." Na ce to, masta. Amma mai ɗigon ta fi saurin rubutawa, ga aiki ya yi min yawa, sai na bi ta. Wa zai damu da ɓurɓushin pesewa?

Ashe in aka tara albashin mutane da yawa ɓurɓushin nan girma yake. Jimlar da injin ke bugawa ba ta kai abin da ya kamata a zuba a ambulan ɗin albashin lebura. Mai biyan albashi, Baba Issaka na unguwar Maamobi, aminin marigayi mahaifina, da jimlar nan yake karɓo kuɗi, kullum sai ya rasa na mutanen ƙarshe. Da farko daga aljihunsa yake cikawa, da ya kasa ya kai ƙara. Aka ce injin ba ya kuskure, aka dakatar da Baba Issaka daga aiki.

Na gano dalilin, na gyara a ɓoye, na yi shiru. Yanzu lissafi yana fita daidai, sai kowa ya ce ai ga shi, da tsohon ya tafi ɓatan kuɗi ya tsaya. Gyaran nawa ne ya tabbatar masa da sunan ɓarawo.

Ranar Juma'a ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya ce, "Ɗana, kai ka san injin nan. Ba ya taɓa mantuwa?" Na ce, "Baba, sai dai a duba." Ya yi min godiya, har da sa albarka.

In na faɗa za a kore ni, ga mahaifiyata da ƙannena a wuyana. In na yi shiru, da wane ido zan riƙa gaishe shi? Wallahi na gaji.

Me zan yi?