Saƙon da Kwamfutar Shago Ta Aika wa Anti Konadu

Kumasi, Gana

Zuwa ga ƙanena Kwarteng,

Gaisuwa mai yawa daga yayarka mai kewarka, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Dufie da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sauƙaƙa muku sanyin Jamus ɗin nan da kake kuka da shi kullum amma ka ƙi dawowa. Mu nan kalau muke. Ciwon gwiwata ya yi sauƙi. Kawu Agyekum ya dawo daga gonar koko duk ya rame, amma malmalar fufunsa ba ta ragu ba.

Na karanta sabon tsarin da ka rubuta wa shagonmu, shafi goma sha huɗu, har sau biyu da tabarau. Ba zan ƙi gaskiya ba, akwai alheri a ciki. Tun da 'yata Pokuaa ta kafa kwamfutar da ka aiko, ta zuba mata sunayen masu saye da duk abin da suka taɓa ɗauka, mun daina hawa tsani muna laluben turmin atamfar da ya ƙare tun bara. Inda na tsaya shi ne batu na bakwai, inda ka ce Maame Boakyewaa ta yi ritaya, tunda aikinta sanin mutane ne, kuma yanzu na'ura ta san su. Ka ce ta zauna gida wata guda a gwada, ni kuma in sa hannu kafin ƙarshen wata. To, an gwada ɗin.

Kai ka daɗe rabonka da Adum, unguwar shagonmu, bari in tuna maka. Shekara talatin da takwas ke nan da Mamarmu Akyaa ta ɗauko Maame Boakyewaa aiki a shago. Ka tuna safiyar shagon, ƙamshin sabuwar atamfa in an farke dila, su biyu suna shan koko suna musu kan wadda ta fi iya zaɓen zane? Mama ta ce da ita makauniya, ita ta ce ai gara makauniya da mai ido irin na Mama, wadda in ta ga ja hankalinta ya tafi. Mace in ta tako bakin ƙofa, Maame ta kalli fuskarta ta san biki ne ya kawo ta, ko suna, ko rasuwa. In rasuwa ce, ba a maganar zane sai an zaunar da ita a benci, an ba ta ruwa, ta yi kukanta ta gama. Ita ta ɗaura wa Dufie zane ranar aurenku, in ka manta. Wallahi ina kewar zamanin nan.

Ga abin da ya faru. Ka san ka sa kwamfutar ta riƙa aika saƙo ga duk wanda ya cika shekara da yin saye, tana cewa muna tune da shi, kuma zanen da ya ɗauka ya sake zuwa. Ranar Talata sai ga Anti Konadu, matar marigayi Tica Ofori da ya koyar da mu lissafi. Bara war haka ta sayi ja da baƙi na zaman makokinsa. Ta shigo riƙe da waya tana hawaye, ta rungume ni, wai 'yar Akyaa ba ta yar da halin uwarta ba. Wai satin nan Tica ya cika shekara, 'ya'yansa na Accra ko waya ba su bugo ba, amma shagon Akyaa ya tuna da shi. Ni kuwa ban san zancen ba.

Sai Pokuaa, da bakinta da ba ya shiru, ta taso da murna tana yi mata bayani, wai ai na'ura ce ke aikawa da kanta, ko mutum ɗaya bai taɓa ta ba, a ranar kaɗai mutum arba'in suka samu irinsa. Ba da mugunta ta faɗa ba, alfahari take da aikin kawunta. Anti Konadu ta share fuska da bakin zanenta, ta mayar da wayar jaka. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa kawai ta yi, ashe ba kowa ba ne, ta yi mana sai an jima.

Washegari na dafa doya na tafi gidanta ba da haƙuri, kunya kamar in nutse. Ina shiga na tarar da Maame Boakyewaa zaune a tsakar gida, tana auna wa dangi fari da baƙi na addu'ar cika shekara. Kwana uku ke nan tana zuwa. Ba wanda ya aike ta, ko waya mai karanta saƙo ba ta da ita. Ta dube ni ta ce, Afrakoma, an ce in huta, shi ne nake hutawa, ko shi ma hutun sai na nemi izini daga Jamus?

Kwarteng, abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ma ban tuna da ranar ba. Ni da ke zaune a kujerar Mama na manta, na'urarka ta san kwanan wata amma ba ta san ko wane ne Tica ba, wadda muke shirin sallama ita kaɗai ta tuna. Na sa hannu a kan duk sauran batutuwan, kwamfuta ta ci gaba da aikinta, sai dai na sa Pokuaa ta tsayar da saƙonnin nan har sai mutum ya duba su. Batu na bakwai kuwa ba zan sa hannu ba. In ka nace, ka sayi tikiti ka zo ka faɗa mata da bakinka. Na riga na ce ta dawo ranar Litinin.

Ka gaida Dufie, ka shafa mini kan Nana Yaa da ƙaramin Boadu. Kawu Agyekum yana gaishe ka, Pokuaa ma haka, har yau ba ta iya haɗa ido da ni. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Afrakoma