Shugaban Tashar Kafanchan

Asabar da dare, garin Bowie

Yau na kai ƙaramin layin dogon da na ƙera wajen baje koli, a kan allo huɗu a bayan mota, Baba a gaba. Muna haɗa allunan sai wani Bature ɗan ƙungiyarmu ta masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa ya miƙa masa hannu, wai ga shugaban tashar Kafanchan. Ni na shara musu wannan ƙaryar. Leburanci Baba ya yi, shekara talatin yana ɗaure ƙarfen dogo.

Da ɗan jirgin ƙasan ya yi ta kaucewa daga layi a mahaɗar allo biyu, sai Baba ya durƙusa, ya shafa da farce, ya daidaita.

Ya ce da ni da Hausa, a hankali, "Shugaban tasha ba zai ga wannan ba."

Har yanzu na kasa haɗa ido da shi.