Maganar Da Na Aika Gumel

Zuwa ga Yaya Dauda,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana da rai ba ka iya boko ba. Ni ma sai da furfura ta fito na koya a ajin yamma.

Albishirinka, 'yata Hajara ta sauka lafiya ran Laraba, namiji. Ɗanka Sule ya zama uba, ni da kai mun zama kakanni. Sau uku na zaga Gagarawa ina sanarwa, har takalmina ya tsinke.

Ka tuna yadda muka saba a gidanmu in mutum yana fatauci? In an aiko cewa da sauƙi, ya gama cinikinsa. In an ce jiki ya matsa, ya taso da safe. In an ce rai a hannun Allah, ya bar kaya a kasuwa ya taho. Ranar da aka haifi Hajara ina Maigatari ina sayar maka da kanwa. Uwarta tana ta zubar da jini, tana kiran sunana, ita da ba ta taɓa faɗinsa ba. Kai kuwa ka aiko mini wai da sauƙi, don kada kanwa ta dawo gida. Na sayar har da riba. Na iso an riga an rufe ta.

Ban taɓa yi maka maganar ba. Ka ɗauka na manta?

To, ga abin da ba ka sani ba. Da ka kwanta ciwo a garin Sule Tankarkar, numfashi yana sarƙe maka, ka riƙe hannuna ka ce a kira maka Sule daga Gumel. Ni na ba da saƙon. Na ce da sauƙi. Kwana biyu kana kallon ƙofa, ni ina yi maka fifita. Ka ji yadda jira yake?

Jiya Sule ya durƙusa a gabana, yana neman izini a sa wa yaron sunanka. Mutane sun zaci zan yi kuka. Na ce a sa, ragon ma ni zan saya. Ni zan goya shi, ni zan ɗora shi a jaki, kuma ba zai ji labarinka daga bakina ba ko sau ɗaya. Nan da shekara goma, in aka ce Dauda a gidan nan, shi ake nufi.

Ka huta. Allah Ya yi mana hisabi tare.

Ƙanenka,
Isiyaku, kakan Dauda