Na Ɗauke Tsanin Rumbu, Magaji

Zuwa ga Magaji, ɗana na fari, mai karatun jami'a a ƙasar Sifaniya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta uba da ɗa, ina fatan kana lafiya, kai da waɗanda kuke zaune tare. Ka san ban yi boko ba. Hannun wani ne wanga, amma bakina ne. Na ce a sa takardar inda kowa zai iya karantawa, don saƙonnin da na aika maka a rufe shiru sunka dawo da shi.

Ina da ƙorafi, kuma ya daɗe a cikina. Tun ranar da ka ɗauki jaka a tashar Isa nake tambaya guda, ba wanda ya amsa mini: da wa za ka yi Sifaniyanci a Gobir? Da Larabci ne, in ce don Allah. Da Turanci ne, in ce don ofis. Ko Faransanci ne, ga Maraɗi nan kusa, sai ka yi wa fataken albasa tafinta a bakin iyaka. Na tambayi liman, ya ce ai can ce Andalus, Musulmi sun taɓa zama. Na ce to, sun taɓa. Na tambayi hedimasta, ya yi dariya ya ce zamani ne. Zamani ba amsa ba ne.

Kai kuma da na tambaye ka ta waya, ka ce kudancin ƙasar tasu busasshe ne kamar namu, amma suna ɗiga wa shuka ruwa a gindi kamar mai sa magani a ido, kuma sai ka iya harshensu kafin su koya maka dabarar. Na yi shiru, ka ɗauka na gamsu. Katin waya ne ya ƙare.

Yanzu ji abin da ke gida. Bara gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye, karan ma bai ishi awaki ba. Bana hadari ya haɗu a gabas, munka yi binne a gonar tudu, munka sa iri a busasshiyar ƙasa. Anka yi yayyafin da ya isa ya tada tsiro, bai isa ya raya shi ba. Munka sake shuka, rana ta sake cinyewa. Abin da ya rage dami biyu ne na iri a ƙaramin rumbu, geron nan na tsohona mai gajeriyar zangarniya, mai nuna da wuri.

Ƙanenka Isiya, wanda duk shekarun nan shi ke riƙe da galma, ya ce a sussuke damin a ci. Yaransa da ruwan kunu suke kwana. Ya ce in ruwa ya sauka a nemo iri a kasuwar Sabon Birni. Na ce irin kasuwa ban san uwarsa ba, ba ni sa shi a ƙasar ubana. Ya dube ni ya ce, “Baba, wanda ke noma shi ya kamata ya faɗi abin da za a yi da iri.” Na ce gandun ga yana da babba bayana, kuma ba shi ba ne.

Ranar da na gan shi tsaye gindin rumbu yana kallon murfin, na je na ɗauke tsanin. Ni da bayana ba ya miƙewa, ni na ja shi a ƙasa gaban matan gida da jikoki, har cikin ɗakina. Tun ranar Isiya bai ƙara sa hannu a akushina ba. Daga bakin zaure yake gaishe ni, kamar baƙon da ya zo tambayar hanya.

Baffanka Mamman ya zo daga Gangara don wagga magana. Ya ce ɗayan biyu ne: ko in damƙa wa Isiya gandu da iri da komai, ko Isiya ya kwashi iyalinsa ya yi kudu. Ba cin rani ba, ƙaura. Har ya yi magana da mai mota. Na ce ba a tsallake ɗan fari yana da rai, sai da bakinsa. Ni ma na yi shekaru ina dako a Kurmi, ubana bai tsallake ni ba. Ya aika, na aje kaya na dawo. Mamman ya kaɗe rigarsa ya ce taurin kaina ne zai watsa gida, ba fari ba. Wataƙila gaskiyarsa. Amma in Isiya ya tafi, ni da uwarka kaɗai za mu rage da gona, kuma ko kunyar noma ɗaya ba ni iya kaiwa ƙarshe.

Kana ƙarami, ina sara da sungumi, kana bina a baya kana zuba iri kana rufewa da diddige. Kullum sai ka zuba fiye da kima. In yi faɗa, ka ce kada ƙwayar ta ji tsoro ita kaɗai a rami. Juya baya nake yi in yi dariyata, ba ka taɓa gani ba.

Ban taɓa kama sunanka na yanka ba, ban taɓa yabonka gaban mutane ba. Kunyar ɗan fari ce, haka munka tarar. Kada ka ɗauka wani abu ne daban. Uwarka takan kunna muryarka da ka aiko, kana hira da abokanka cikin harshen nan mai gudu kamar ƙanƙara a kan kwano. Ni sai in yi kamar ina tufkar igiya, amma kunnena na can. Kalma ko ɗaya ban gane ba. Na dai gane kana dariya, kuma murya ce ta wanda ya ƙoshi. Ranar da na fara jin ta, na ci tuwona da daɗi.

Ba cewa nake ka bar karatu ba. Abin da ka fara, ka gama. In za ka dawo ka riƙi gandun kakanka, ka faɗa, in riƙe irin, in je da ƙafata in ba Isiya haƙuri ya jira ka. In kuma can ne ka ga wurin zama, ka faɗa, ba za ni yi maka baki ba. Za ni kira shi gaban baffanka in ba shi, ya yi abin da ya gani. Shirun ne ba ni iya ɗauka, don a kan shirunka nake hana yara abinci.

Allah ya ba ka ilimi mai amfani, ya tsare maka sallarka a ƙasar mutane. Allah ya shayar da bayinsa da dabbobinsa, ya sanyaya zuciyar ƙanenka. Amin.

Ubanka, Jatau na Kamarawa.

Ku da kuke karantawa, wanda ya san inda yaron nan yake kwana ya je ya taɓa shi. Kai kuma Magaji, kada ka aiko hoto, kada ka aiko doguwar gaisuwa. Mai mota ba zai jira ba. Za ka dawo, ko in ba ƙanenka? Ka amsa mini.