Rasuwar Kwamanda Teodosio Pariona, Mai Tsaron Gadar Yanachaca

Cikin alhini da karayar zuciya, Rundunar 'Yan Sa-kai ta Tsaron Ƙauyuka, Reshen Kwarin Yanachaca, ke sanar da ɗaukacin jama'a, musamman mazauna gaɓar kogi da 'yan'uwanmu na kan tudu, cewa mun samu mummunan labarin rasuwar shugabanmu kuma ubanmu, Mai Girma Kwamandan Reshe, Don Teodosio Pariona Limaco, wanda wasu mutum biyu a kan babur suka harbe ranar Lahadi da rana tsaka a bakin gada, yana kan hanyarsa ta komawa gida daga kasuwa da buhun gishiri a kafaɗa.

Marigayin manomin kofi ne ɗan manomin kofi, kuma yana cikin sahun farko na waɗanda suka amsa kira a shekarun da 'yan tawaye ke gangarowa daga duwatsu suna ƙona makarantu, lokacin da gwamnati ta kafa wannan runduna, ta raba mana tsofaffin bindigogin farauta, ta ce mu ne tsaron ƙasa a inda ƙafar soja ba ta isa. Shi da abokansa suka riƙe gadar Yanachaca har aka wuce wancan zamani ba a karya ta ba, kuma shi ya bi iyalan da suka gudu Lima, babban birnin ƙasa, gida gida yana lallashinsu har da yawansu suka dawo gonakinsu. Bai taɓa yarda a doki wanda aka kama ba. In matasa suka harzuƙa, sai ya cusa ganyen koka da mutanenmu ke taunawa a kumatu ya ce, "Kai mai zafin kai, in duka kake marmari ga waken matata can yana jiran sussuka."

Da ƙura ta lafa, aka karɓe bindigogin, aka ce daga yanzu mu idanu ne da kunnuwan hukuma, abin da muka gani mu kai bariki. Kwamanda Teodosio ya ɗauki wannan umarni da gaske, har bayan da gashinsa ya yi fari. Don haka da masu safarar hodar iblis suka mayar da hanyar bayan gonaki tasu, suna wucewa da alfadarai ɗauke da kaya, suna kuma janye 'ya'yanmu su zama 'yan dakonsu, ya taka da ƙafarsa zuwa barikin da ke gindin kwari, ya faɗi abin da ya gani a cikin ɗakin da babu kowa sai masu kaki. Ba a yi nisa ba wani baƙo ya tare shi a rumfar mai farfesun kaza, ya dafa masa kafaɗa yana murmushi, ya kira shi Tayta, wato Baba, ya ce, "Tayta Teodosio, an ce alfadaranmu na tattake maka shuka? Ai da mu ka faɗa wa, ba sai ka wahalar da gwiwarka zuwa bariki ba." Washegari marigayin ya tara mu a harabar coci ya ce, "Kada wanda ya ƙara zuwa kai rahoto. Ni dai sun san ni, ku ba su san ku ba tukuna." Reshenmu ya roƙi a ba shi masu rakiya, amsar da muka samu daga hedikwata ita ce a ci gaba da sa ido.

Muna baƙin cikin shaida wa jama'a cewa gawar wannan bawan Allah ta daɗe a kwance cikin rana, mutane na leƙe daga nesa, har sai da mata masu sayar da dankali suka naɗe shi a bargo suka kai shi gida. Hedikwata ta aiko da tuta da saƙon yabo. Uwargidansa, Doña Fortunata Ayme, ta karɓi tutar hannu biyu, ta sake miƙa wa ɗan aiken, ta ce, "Ɗana, ka mayar musu. Ka ce na gode, amma yana da bargonsa." Mun zauna don zaɓen wanda zai gaje shi, babu hannun da ya ɗaga. Mataimakinsa, Don Marcelino Curo, wanda suka kwana a ramin gadi ɗaya tun suna samari, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku yafe mini, 'yan'uwa, jikokina a hannuna suke." Babu wanda ya ga laifinsa.

A madadin shugabanni da sauran dakarun da suka rage a wannan reshe, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Doña Fortunata, da 'ya'yansa Herminia da Zósimo, da jikokinsa, da ɗaukacin zuriyar Pariona da ta Ayme. Da mun so mu yi muku alƙawarin cewa za a kamo waɗanda suka aikata wannan ta'asa, amma ba za mu haɗa muku rashi da ƙarya ba, domin har zuwa fitar da wannan sanarwa babu jami'in da ya zo ya tambayi ko mutum ɗaya abin da ya gani. Muna roƙon Allah Maɗaukaki Ya jiƙan Don Teodosio, Ya karɓi wahalarsa, Ya ba iyalansa ƙarfin zuciyar ɗaukar abin da mu muka kasa tare musu.

Za a yi masa addu'a ranar Laraba da hantsi a cocin Santa Rita, daga nan a kai shi makwancinsa a maƙabartar kan tudu. Iyalan marigayin suna roƙon duk ɗan rundunar da zai halarta ya bar rigar aikinsa da hularsa a gida, kada a yi jawabi a bakin kabari, kuma kowa ya kama hanyar ƙauyensu tun da sauran rana.

Eleuterio Huachaca Tineo
Kakakin Rundunar 'Yan Sa-kai ta Tsaron Ƙauyuka,
Reshen Kwarin Yanachaca