Cikon Dogonku Ya Tare wa Gulbi Hanya

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin da ke shimfiɗa layin dogo na dakon kaya ta ƙasar Gummi.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, na rubuto maka ne a bainar jama'a saboda sau uku ina zuwa sansaninku, sau uku ana ce mini injiniya ya fita. Ni tsohon leburan reluwe ne. Ƙuruciyata ta ƙare ina bin dogo a ƙafa tsakanin Gusau da Ƙaura bayan kowane ruwan sama, ina duba inda ƙasa ta zaizaye. Yanzu na dawo gida ina noman shinkafa a bakin gulbi. Ba ƙin jirgi nake yi ba, har fata nake ya zo ya kwashe mana amfani.

Na ji ku a rediyo kuna cewa kun ɗaga cikon dogon yadda ambaliya ba za ta taɓa shi ba. Gaskiya ne, na je na gani, ya fi ni tsawo. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ba wanda ya faɗi inda ruwan zai tafi.

Na ɗaya. 'Yan safiyonku da rani suka zo. Sun tarar da kwarin da ke bayan ƙauyenmu a bushe, awaki na kiwo a ciki, suka ɗauka fili ne. Ta nan gulbi yake rage ruwa idan ya cika. Yakan yi shekara biyu ko uku bai bi ba, amma ran da ya bi, sai da kwalekwale ake ƙetarewa.

Na biyu. A bakin kwarin akwai wata tsamiya. Tun zamanin kakana, duk shekarar babban ruwa gidanmu ke sara alama a jikinta daidai inda ruwan ya tsaya. Ukun ƙarshe ni na sara su da hannuna, kowace ta ɗara ta baya. Da an tambaye mu da mun nuna, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Katafilarku ta tumɓuke ta a safiya ɗaya, aka yi itacen girki da ita. Wallahi na ji zafin wannan har raina.

Na uku. A madadin duk faɗin kwarin nan, kun binne kwalbati biyu, waɗanda ko akuya sai ta duƙa ta shiga. Ruwan farko da aka yi makon jiya, ɗaya ya toshe da kara da yayi. Na san aikin nan. Wurin nan gada yake so.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Cikon ya shiga tsakanin gidajenmu da tudun da muke gudu a kai idan ruwa ya taso. Innata ta daina tafiya tun bara. Na ce ta koma wurin ƙanwata a Bukkuyum kafin damina ta zauna, ta ce: "Ba ni zuwa ko'ina. Nan anka kawo ni, nan ubanku yak kwanta. Ka hwaɗa musu ruwa ba shi mance hanyatai." To, ga shi na faɗa.

Roƙona, ranka ya daɗe: a turo injiniya ya zauna da dattawanmu da masunta cikin makon nan, a fasa cikon a bakin kwarin a yi gada, a kuma yanka mana matakala ko da ta ƙasa ce. Idan gada sai baɗi, matakalar ba ta jira.

Jiya na goya buhun shinkafa na gwada hawan cikon nan a bushe. Sau biyu ina zamowa. Inna ba ta kai buhu nauyi ba, amma ranar da zan goya ta, ƙasar ba za ta kasance a bushe ba.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama aikin nan lafiya ba tare da alhakin kowa a wuyanka ba.

Wassalam.

Naka,
Tsohon leburan dogo, manomin fadama,
Ƙasar Gummi.