Ambulan da Ka Buɗe

Springfield, Asabar da hantsi

Abban Nafisa,

Assalamu alaikum. Allah ya haskaka kabarinka. Na san ba mai kai maka wannan takarda. Wasiƙar da ba taka ba ka buɗe ka karanta, ga taka yau ba ka da halin taɓa ta.

Yara lafiya. Nafisa ta kusa gama jami'a. Mubarak ya fi ka tsawo yanzu, ina yi masa faɗa da Hausa yana ba ni haƙuri da Turanci. Ni nake tuƙa motarka, na matso da kujerar gaba.

Babban labarin shi ne na koma makaranta. Kwalejin nan ta shekara biyu da muke wucewa ta gabanta, can nake, ina karatun zama malamar kemistiri a sakandare. In na gama zan wuce jami'a, sannan gwajin koyarwa, sannan lasisi. Hanyar da nisa. Da wani ya miƙa mini ambulan ɗaya a kan lokaci, da ban fara daga tushe ba.

Ka tuna shekarar da muka zo ƙasar nan ta Amurka da digirina na kemistiri? Aka ce sai jami'armu ta gida ta aiko da takardar sakamakona kafin a san matsayina. Ka ce in bar maka, adireshin ofishinku ya fi aminci. Shekara goma sha uku ina tambaya, kana cewa ba ta zo ba, ai na san halin ofisoshin gida. Tare muke zagin mutanen. Har ka fi ni iya zagin.

Ranar da aka kai ka makwancinka, ɗan'uwanka Yaya Sani ya taso daga Beltsville, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina yana kuka, ya ce in yafe maka duniya da lahira. Ban bari ya rufe baki ba na ce na yafe. Da zuciya ɗaya na faɗa. Sai bayan na fita takaba, ina kwashe takardunka, na sami takardar sakamakon nan a ƙasan aljihun teburinka, cikin fayil ɗin inshorar mota. Sunana a jiki. Hatimin gidan waya ya nuna ta iso tun Mubarak yana goye. An yanka bakin ambulan tsaf da wuƙa, yadda kake buɗe kowace wasiƙa, kai da ba ka son ɓarna.

Na kai ta kwalejin. Matar da ke ba ɗalibai shawara ta juya ta, ta ce sakamako ne mai kyau, amma ka'ida ita ce ba a karɓar takardar da aka buɗe, sai wadda ta zo a rufe da hatiminta. Ka gani? Da ɓoyewa kawai ka yi, da ta yi mini amfani. Karantawar da ka yi ce ta kashe ta. Na aika gida a sake turo wata, amma ban zauna jira ba. Jira kam na yi rabona. Na yi rajista a ajin farko, da sunan mahaifina, ba naka ba.

Ina zama a layin gaba tsakanin sa'o'in Nafisa, da tabarau a kan tabarau, na kariyar ido a bisa na karatu. Makon jiya muka yi gwajin da ake ɗiga sinadari ɗigo-ɗigo har ruwa ya canza launi. Kowa nasa ya zarce ya yi ja wur. Nawa ya tsaya a ɗigon da ya dace, launi kaɗan kamar kunya. Malamar, wadda na girme ta da shekara goma, ta tsaya a kaina ta tambayi inda na koya. Na ce a wani gari mai nisa. Hannuna bai manta ba, Abban Nafisa. A bayan gida na yi kukan, don kar yaran ajin su ɗauka gwajin ne ya gagare ni.

Me ka gani a takardar nan? Ninkinta ya yi laushi, ba sau ɗaya ka buɗe ta ba. Tsoro ka ji in fita aiki in fi ƙarfinka? Ko ka ce bari yara su tasa, sai ƙarya ta girma ta fi ƙarfin bakinka? Kai da kake tsaye a taron 'yan gida kana jawabi a kan ilimin mata, ana tafa maka, ni ina bayan fage ina zuba waina a faranti?

Ni ma ga nawa laifin, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce. Shekara goma sha uku ban ɗaga waya da kaina ko sau ɗaya ba. Na karanta littattafan laburaren unguwar nan kusan kanta-kanta, amma fuskar mijina ban karanta ba. Wataƙila ban so ba. Zama da uzuri yana da daɗi, kuma ina tsoron in tsaya gaban 'ya'yan Amurka da harshena su yi dariya. Ka ɓoye takarda, ni kuma na ɓuya a bayanka.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne yafiyar nan. Na yafe abin da ban sani ba. Tana nan, ko ta tashi? Na je wajen Malama mai wa'azi a Manassas na ce wata mata ce ta aiko ni da tambaya. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce in gaishe mata da matar, in gaya mata haƙƙinta ne, ba mai ƙwace mata, amma ta tuna shi ba ya da bakin roƙo yanzu.

Yaran ba su sani ba, kuma ba za su ji daga bakina ba. Yaya Sani yana yabon haƙurina. Dokar farko da ake koya mana a ɗakin gwaji ita ce kwalba mai zafi da mai sanyi kamanninsu ɗaya, kar ka ɗauka sai ka tabbatar. Ita zan fara koya wa ɗalibaina.

To ga amsata, da idona a buɗe wannan karon. Ban janye ba. Ba na so a tsare ka a can saboda ni. Ka yi mini alheri da yawa, ban manta ba. Ambulan ɗin na yafe maka. Shekarun kuwa ɗaya bayan ɗaya nake yafe su, duk ranar da na iya. Na kai shekara ta huɗu. Ka yi haƙuri ka jira sauran. Ai ka san jira ba ya kisa, kai ka koya mini.

Ranar Litinin ina da jarrabawa, zan tsaya nan. Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama. Da gaske nake.

Matarka,
Hauwa'u, ɗaliba